Abin da Ke Faɗowa Cikin Kwandona

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi

Yau an haife ni.

Ina cikin gonar shayi, kwando a baya, sai waya ta yi ƙara. Ɗana ne Muchoki, daga Nairobi. Ya ce, "Baba, nemi wuri ka zauna." Na ce a ina, a kan ganye? Ya ce, "To dafa wani abu. Nyaguthii ta sauka da asuba. Namiji ne."

Namiji na farko sunan kakansa yake ɗauka, ba sai an zauna shawara ba. Gathogo ke nan. Shekara saba'in da ɗaya ina ɗauke da wannan suna ni kaɗai. 'Ya'ya mata biyun da matarsa Nyaguthii ta fara haifa sun ɗauki na kakanninsu mata, ni kuwa ina gefe ina taya su murna da rabin baki.

Matata Wamuyu ta dire bokitin madara ta rangaɗa guɗa biyar a tsakar gida, har saniya ta tsinke igiya. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce ta yi sabon miji, tsohon ya je ya nemi inda zai raɓa.

Kwandon yana gona har yanzu. Ban taɓa manta kwando ba sai yau.

Talata, bayan aji

Shekarata ta huɗu ke nan a ajin yamma na coci. Malama Wangechi ce ta ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum, don hannu ya saki. Yau ne kawai na samu abin da ya cancanci biro.

Kibicho ya riga ni zama a bencinmu. Tsarana ne, rana ɗaya aka yi mana kaciya, kuma takwarorinsa uku, shekara da shekaru yana yi mini gori da su. Da na shigo bai ɗago ba. Ya ce, "Yaro, kai da aka haifa yau da asuba, ba ka iya gaida manya ba?"

Na ce, "Naka ukun duk kanka suka ɗauko, Allah ya ba iyayensu haƙuri."

"Naka fa? Ka ga kan nasa?"

Ban gani ba tukuna. Mata ne ke fara zuwa ganin jariri. Suruki ba ya zuwa wurin mai jego sai an kira shi. An sa ranar matan, Asabar ta sama. Ni sai bayan sun dawo.

Alhamis, 10 ga Oktoba, magariba

Na kai wa Malama ƙarar wayata.

Ga matsalar. A shafin zumunta abu ba ya tsayawa. Ina cikin haɗa haruffa, na kai rabin layi, yatsa ya goga, shi ke nan ya gudu sama, wani ya maye gurbinsa. Jiya na ga wani rubutu kan irin akuyar da madararta ta fi wa yaro kyau, kafin in kai sunan akuyar ya ɓace. Na neme shi har shayina ya huce.

Malama ta ce akwai wata manhaja da ke maganin wannan. Duk abin da ka danna wa alamar zuciya a shafin, ita za ta kwashe shi ta zuba a kundin rubutu na cikin waya, can zai zauna ya jira ka ko shekara ce. Da ta ga mun yi tsuru-tsuru sai ta ce, "Baba Gathogo, kamar tsinkar shayi ne. Ka tsinka, ka jefa baya, ba ka ko waiwaya. Kundin shi ne kwando."

Kibicho ya ce, "Ai shi kwandon ma mantawa yake da shi a gona."

Ta sauke mini manhajar, ta ce tambaya uku za ta yi: daga ina zan ɗauka, ina zan zuba, ka yarda? Ta ce in amsa da kaina, shi ne darasin yau. Ta wuce wurin wata.

A tambaya ta farko da'ira biyu suka fito, kowace da ɗan mitsitsin rubutu a ƙasa. Ɗaya kan mutum ne toka-toka, ba ido ba baki. Ɗayar kuma ni ne, da hulata, riƙe da akuyar Kirsimetin bara. Hadari ya haɗu, kwano ya fara ƙara, Kibicho ya leƙo ta kafaɗata yana jiran ya ga ina haɗa haruffa da leɓe. Me zan tsaya karantawa? Na danna fuskata. Na zaɓi kundi. Na yarda.

Malama ta ce na riga kowa gamawa. Na dawo cikin ruwa ina jin kaina kamar ɗan jami'a.

Juma'a, 11 ga Oktoba, azahar

Na danna wa akuya huɗu zuciya. Ko ɗaya ba ta faɗo cikin kwandon ba.

Amma ba fanko yake ba. Akwai hoton yadda ake riƙe jariri bayan ya sha nono don ya yi gyatsa. Akwai wata 'yar riga shuɗiya. Na ce wa Wamuyu manhajar nan ta san na yi jika. Ta ce duk garinmu Othaya ya sani, tun da na tsaya a rumfar awon shayi na faɗa wa har direban motar ganye.

Ta jiƙa baƙin wake na masu jego, ta kuma fara saƙa hula.

Lahadi, 13 ga Oktoba, la'asar

Na gane.

Yau da safe abubuwa biyu suka faɗo. Ɗaya na ƙwallo ne, ƙungiyar nan da Muchoki ke hana kansa abinci a kanta. Ɗayan kuma yadda ake ɗaura wayar lantarki a bene, aikinsa ke nan. Sai na koma manhajar, na zauna a inuwa ba mai leƙe, na karanta rubutun da ke ƙarƙashin fuskata harafi harafi. Sunan Muchoki ne.

Wayar tasa ce tun asali, bara ya ba ni da ya sayi sabuwa. Shafinsa bai fita daga cikinta ba. Kan nan mai toka, marar ido, shi ne ni. Ban taɓa sa hoto ba don ban san yadda ake yi ba.

Wato shi ke tsinka a Nairobi, ganyen yana faɗowa a bayana.

Ranar Talata zan ce wa Malama ta gyara. Ba kyau mutum ya riƙa leƙa zuciyar ɗansa.

Amma hotona ya sa. Mutum mai shekara arba'in da biyu, mai gemu, duk wanda ya neme shi fuskata yake gani. Bai taɓa faɗa mini ba. Na daɗe a inuwar nan.

Litinin, 14 ga Oktoba, hantsi

Na kira shi. Na ce yaya takwarana?

"Lafiya lau, Baba."

"Mintsine shi ya yi kuka in ji muryata."

Ya yi dariya. "Yana barci."

Da na ajiye na buɗe kundin, don kawai in ga ko akwai ƙwallo. Abu uku ne. Na farko ya ci mini kusan awa ɗaya, da Turanci yake. Jaririn da ke yin gumi idan yana shan nono, ya sha kaɗan ya gaji. Na biyu hoto ne na leɓen wani jariri, an zagaye shi da jan layi. Ban karanta na ukun ba.

Sababbin iyaye komai tsoro yake ba su. Ko da yake wannan haihuwarsu ta uku ce.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan aji

Ban ce wa Malama ta gyara ba.

Na rubuta wata kalma a tafin hannuna na nuna mata, na ce a jarida na gani. Ta ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyar mutum, tana buɗewa tana rufewa jini na wucewa. Ta ce, "Baba Gathogo, zuciyar ce kuma? Kana shan maganinka?" Na ce ina sha.

Kalma ta biyu ban kai mata ba, kada ta haɗa su. Mai kantin magani na kai wa a hanyar dawowa. Ya ce tana nufin ciwon da aka haifi mutum da shi.

Tun da na faɗi a rumfar awo bara, likita ya ce wa yaran kada a riƙa tayar mini da hankali. Tun daga ranar ba wanda ya sake rashin lafiya a zuriyata. Ba wanda ya rasa aiki. Kowa lafiya lau.

Laraba, 16 ga Oktoba, safe

Na sake kira.

Yana barci.

Alhamis, 17 ga Oktoba, yamma

An ɗage zuwan matan. Muchoki ya ce wa uwarsa Nyaguthii ba ta gama warwarewa ba, kuma sanyi ya yi yawa, a bari sai wata Asabar.

Wamuyu ta ce, "Sanyi a Nairobi? Mu da ke gindin dutse me za mu ce?" Ta shanya waken da ta jiƙa a kan buhu.

A aji Kibicho ya ce, "Har yanzu ba hoto? Anya yaron nan ba kunnuwanka ya ɗauko ba, suke jiran su lotsa?" Na yi dariya yadda ya kamata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya turo mini rabin gasasshiyar masararsa.

Yau abu bakwai suka faɗo. Ina karanta su a bayan garken saniya. Abin da na lura, ba ya danna wa ƙwallo zuciya kuma.

Akwai wani gwangwanin shayi a saman kabad. Ba zan rubuta batunsa ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, azahar

Yau da matan suna can.

Wani abokin aikin Muchoki ya yi rubutu da Swahili, wannan ban sha wuya ba. Ana neman masu ba da jini a babban asibiti, hawa na uku, ɗakin jarirai. A ce don jaririn Nyaguthii ne.

Jaririn Nyaguthii. Na karanta sau biyar ko na tsallake wani abu. Kwanansa goma sha ɗaya a duniya, kowa ya san sunansa tun kafin a yanke cibiya. Ba a rubuta ba.

Na kira.

"Lafiya lau, Baba. Muna gida."

A bayansa na ji ƙarar wani abu, ɗis, ɗis, ɗis, kamar agogo amma ba agogo ba. Na ji wata mace tana kiran lamba.

Na ce, "To madalla. Ka gaida mai jego."

Ni ma na iya.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan coci

Fasto ya sa na miƙe, jama'a suka tafa wa sabon Gathogo. Na ɗaga hannu, na yi murmushi har kumatuna suka yi tsami. Wata ta ce yaushe za a yanka akuya. Na ce kwanan nan.

Na roƙi Allah abu ɗaya. Suna ɗaya ne, mu biyu ne. Idan ɗaya ake so, ga wanda ya riga ya ci nasa rabon.

Talata, 22 ga Oktoba, la'asar

Ban je aji ba. Na ce ƙafa ce.

Addu'o'i yake tsinka yanzu. Da labarin wani yaro da aka yi wa aikin zuciya yana ɗan wata ɗaya, ga shi nan ya girma yana tuƙa keke. Wannan sau biyu ya faɗo. Ina jin ya cire zuciyar ne ya sake dannawa.

Laraba, 23 ga Oktoba, safe

Ba komai a kwandon.

Laraba, azahar

Ba komai.

Alhamis, 24 ga Oktoba, hantsi

Ba komai. Na kashe wayar na kunna. Na hau tudun makaranta inda sabis ya fi ƙarfi. Na sayi kati na ƙara. Da abin yana zuwa ina cewa da ma ban gani ba. Yanzu na san wanda ya fi muni.

Na kira sau biyu bai ɗauka ba. Can ya turo saƙo: Ina wurin aiki Baba, lafiya lau.

An sake ɗage zuwan matan. Wannan karon ba a sa rana ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, yamma

Malama ta ce abin da hannu ya ƙi rubutawa shi ya fi bukatar a rubuta. Tana nufin haruffa masu wuya ne. Amma bari in rubuta.

Kafin Muchoki akwai wani. Thuita, sunan mahaifina. Shi ma gumi yake yi idan yana shan nono. Muka kai shi ƙaramin asibiti, ma'aikaciyar ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe. Ta yi rubutu a kati ta miƙo mini, ni namiji, ta faɗi wani abu da Turanci da sauri, layi na jira har waje. Na ce to. Na gyaɗa kai kamar na ji. Na zaci katin allurar riga-kafi ne.

Malamin makaranta yana nan ƙasa da gidanmu, tafiyar minti goma. Ban kai masa ba. Ina matashi mai agogo a hannu, ban so a san agogon kawai na iya karantawa ba. Na sa katin a gwangwani.

Kwana goma sha tara ya yi. Yana can ƙasan gona, wurin da ba ma shuka komai. Da aka haifi na bayansa aka sa masa Muchoki, wanda ya dawo.

Shekara biyu da suka wuce, ranar da Malama ta ce na iya karanta jimla, na dawo gida na sauko da gwangwanin. Layi ɗaya ne. A kai shi babban asibiti yau. An ja layi biyu a ƙarƙashin yau.

Takwarana kwanansa goma sha bakwai.

Asabar, 26 ga Oktoba, hantsi

Abu ɗaya ya faɗo. Waƙar coci ce, wadda ake yi lokacin da ake sauke akwati.

Asabar, la'asar

Na samu Wamuyu a madafa tana gyaran masara. Na zauna a kan kujerar tatsa. Na faɗa mata komai, fuskata da na danna, gumi, 'yar ƙofa, jini, waƙar safiyar nan. Na ɗauka za ta faɗi. Hannunta bai ko tsaya ba.

Ta ce, "Yaushe rabon da ka ga ina saƙa hular nan?"

Ban sani ba.

"Tun ranar da aka ce sanyi. Kana can hanci cikin waya a bayan garke, kana tsammanin saniya ce kaɗai ke ganinka. Ni ban iya karatu ba, amma ni na haifi yaron nan. Idan ya ce lafiya lau sau biyu a numfashi ɗaya, ba lafiya."

Tun da baki ya buɗe, sai na ce akwai kuma batun katin da ke gwangwani. Na ce ta yafe mini, akwai abin da aka rubuta.

Ta ce, "A kai shi babban asibiti yau."

Na kasa ɗaga kai.

"Wata ɗaya bayan mun sa shi a ƙasa na kai wa matar fasto ta karanta mini. Na dawo da shi na mayar inda ka ajiye."

"Shekara arba'in da huɗu, Wamuyu. Ba ki taɓa cewa komai ba."

"In na ce, tono shi za ka yi?" Ta kaɗe zaninta. "Wancan karon ba ka iya ba. Wannan karon ka iya, ka karanta, sati biyu. Me kake jira, a ja maka layi biyu?"

Na ce suruki ba ya zuwa sai an kira shi.

Ta ce, "To zauna. Ni motar farko zan bi."

Tare za mu tafi. Kibicho ya ce zai kula da saniya. Bai tambayi komai ba. Ya ce kawai idan ta harbe shi, a kaina.

Lahadi, 27 ga Oktoba, yamma, a asibiti

Awa uku a mota, wayar tana aljihu, ban buɗe ba.

Hawa na uku dogon baranda ne da benci. Muchoki yana zaune a ƙarshe, takalmansa a gefe, rigarsa ta yi masa yawa. Da ya gan mu ya miƙe, ya sake zama.

Wamuyu ta ce, "Yana da rai?"

"Yana da rai, Mama."

Ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye, da jakar waken a cinya.

Ya ce wa ya gaya mana. Na ce kai. Na buɗe kundin na miƙa masa. Ya riƙa ja da yatsa, yana ja, tun daga waƙar jiya har zuwa 'yar rigar shuɗiya.

"Wato sati biyu kana karanta ni, Baba."

"Da ƙyar. Turancinka da wuya."

"Kana kuma kira kana cewa ka gaida mai jego."

"Kai ma kana cewa yana barci."

"Ai barcin yake." Sai ya rufe fuska da rigarsa. Rabon da in dafa kan yaron nan tun yana firamare.

Na tambaye shi waƙar. Ya nuna mini da haɓa wata mata a ɗaya bencin, siririya, da jan ɗankwali. Mbithe sunanta, daga Kitui. Tagwaye ta haifa. Ɗaya ya tafi jiya da safe, ɗayan yana ciki. Ita ta roƙe shi ya nemo mata waƙar, ya danna mata zuciya don kada ta ɓace masa.

Na ce in sa Malama ta cire abin nan idan na koma? Ya ce, "Bar shi."

Litinin, 28 ga Oktoba, azahar

Iyaye kaɗai ake bari. Wamuyu ta tsaya a gaban babbar ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayani da yarenmu tiryan-tiryan, matar ba ta jin ko kalma ɗaya, har ta gaji ta ce minti biyar, mutum ɗaya. Wamuyu ta tura ni.

Aka sa mini riga da hula, na wanke hannu har gwiwa. Nyaguthii tana zaune kusa da akwatin gilashi. Da ta gan ni ta yi sauri ta ja zani ta rufe kafaɗa, ta miƙe, ta rasa inda za ta sa ido.

"Baba, ba a nan ya kamata ka fara ganinmu ba."

Na ce, "Sannu, Uwar Gathogo."

Ashe ba wanda ya kira ta haka tukuna. Ta juya ta fuskanci bango.

Ɗan ƙarami ne. Duk jikinsa wayoyi, ƙirjin yana hawa yana sauka da sauri kamar na ɗan tsako. Kunnuwana ne. Kibicho ya yi gaskiya, ba zan faɗa masa ba.

A jikin akwatin akwai kati. Jaririn Nyaguthii, da ranar haihuwa, da nauyi. Wurin suna fari fat.

Da na fito na ja Muchoki gefe. Na ce me ya sa.

Ya ce, "Gobe za su shiga da shi aiki. Likita ta ce rabi da rabi ne. Ban so a sa sunanka a rami kana raye ba, Baba. Na ce in ya fito sai a rubuta."

"In bai fito ba fa? Ya tafi a matsayin jaririn wance?"

Na dafa kafaɗarsa, na ci gaba.

"Ba aro na ba shi ba. Nasa ne tun ranar Talatar nan. Idan zai zauna, da shi za a kira shi. Idan zai tafi, ya tafi a san ko waye."

Na koma wurin babbar ma'aikaciyar. Ta ce minti biyar ɗina sun ƙare. Na ce biro kawai nake so. Ta dube ni, ta dubi Muchoki, ta shiga ta ciro katin ta ɗora a kan teburinta. Harafin farko ya fito kamar ƙugiya. Haruffa bakwai ne. Na daɗe. Waya tana ta ƙara a teburin, ba ta ɗauka ba sai da na gama.

Yau kwanansa ashirin.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Sun shiga da shi.

Talata, ƙarfe ɗaya

Wamuyu ta ciro hular tana saƙa. Muchoki ya auna barandar nan da ƙafa ya fi sau ɗari. Nyaguthii ba ta motsa ba.

Talata, ƙarfe huɗu da rabi

Ya fito. Yana numfashi.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Muchoki ba, idonta ja wur. Ta ce an yi abin da aka shiga yi. Ta ce amma kada a yi murna tukuna, a jira kwana uku, a cikin kwana ukun nan komai na iya faruwa. Ta maimaita, ta kuma dube ni musamman, don ta ga bakina ya ƙi rufuwa.

Kwana uku. Ita tana da su. Ni shekarata saba'in da ɗaya, na kuma san yadda kwana uku ke iya ƙarewa. Ba zan jira ba.

Na sauka hawa ukun da ƙafata, na tsallaka titi, na saye wa wata mai tebur ayabarta duka. Na hawo da ita a ka, mai gadi yana mini dariya. Na bi benci benci. Na ba masu jira, na ba mai goge ƙasa, na ba wani mutum da ya ɓata hanya yana neman ɗakin ƙashi. Duk wanda ya ce ta mene ce, na ce ta Gathogo ce, yana numfashi.

Mbithe ce ta ƙarshe. Na tsaya a gabanta, sai na ji kunya ta kama ni, na so in wuce. Ita ta miƙo hannu.

Ta ce, "Allah ya raya shi, Baba."

Na ce, "Allah ya raya naki."

Ta ce, "Wanne?"

Na zauna kusa da ita. Har yanzu da nake rubutun nan muna zaune, ayabar tana hannunta, ba ta ɓare ba.